Tukunyar Itace Ta Waje: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Mini Da Amsoshinsu

Sanyi tara ke nan na yi a karkarar arewacin jihar Minnesota ta Amurka, kuma duk tsawon wannan lokaci da itace nake ɗumama gidana. Duk ɗan'uwan da ya kawo mana ziyara daga birnin Minneapolis, kafin ya gama cire takalmi sai ya tambaya: wancan ɗan ɗakin ƙarfen da ke hayaƙi a bayan gida fa, na mene ne? Wasu sha'awa ce kawai. Wasu kuwa sun sayi gida a ƙauye sun tarar da irinta a ciki, ba su san ta inda za su fara ba. Saboda su na tattara waɗannan amsoshi.

Mece ce tukunyar waje, kuma yaya take ɗumama gida alhali tana can nesa da shi?

Murhu ne na ƙarfe wanda aka kewaye da tankin ruwa, aka lulluɓe duka da abin tsare zafi, aka yi masa rufi kamar ƙaramin shago. Wuta tana ci a tsakiya, ruwan da ke zagaye da ita yana ɗaukar zafin. Tawa tana cin ruwa galan 200, wato durom uku da rabi da 'yan kai. Wani ɗan injin tura ruwa yana aika ruwan zafin ta bututun da aka binne a ƙasa har cikin gida, ya ratsa wani abu mai kama da lagireton mota, fanka ta hura iska a kansa, iskar ta bi ɗakuna da ɗuminta. Ruwan ya huce kaɗan, ya koma ta bututu na biyu a sake ɗumama shi. Haka yake kai da kawo dare da rana. Wasu gidajen a ƙarƙashin daɓe ake shimfiɗa ƙananan bututu, sai ka taka ƙasa ka ji ta da ɗumi. Da tukunyar kuma muke samun ruwan wanka da na wanke-wanke.

Akwai na'ura mai lura da zafin ruwan. Na saita tawa a digiri 82 a ma'aunin Salshiyos, wato 180 a ma'aunin Faranhait da ake amfani da shi a nan. Idan ruwan ya kai haka sai ta toshe hanyar iska, wuta ta lafa. Idan ya sauka, sai ta kunna fanka ta zuga wutar kamar yadda maƙeri yake yi da zugazugi.

Da yawa daga cikin masu ƙera ta a wannan yanki suke: Central Boiler a garin Greenbush, Heatmor a Warroad, duk a arewacin Minnesota, sai HeatMaster a Winkler da ke lardin Manitoba na Kanada. Ba mamaki, domin a nan sanyin yake. A garin Tower na wannan jiha, ranar 2 ga Fabrairu 1996, ma'auni ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifili a Salshiyos.

Ga gas ga lantarki, me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan aiki?

Bututun gas na birni bai iso yawancin ƙauyuka ba. Mota ce take kawo gas ɗin furofen ta zuba a tanki, kuma farashinsa ba shi da alƙawari. A watan Janairun 2014 an yi ƙarancinsa a jihohin tsakiyar Amurka, kuɗinsa ya ninka cikin 'yan makonni, a daidai lokacin da ba mai iya kashe na'urar ɗumi ko na awa ɗaya. Wanda yake da daji a gonarsa, ko yake da hanyar samun gungume da araha, itace yana fitar da shi daga wannan fargaba. Sannan tukunya ɗaya tana iya ɗumama gida da gareji da shagon aiki a lokaci guda. Datti da ƙwari da toka da haɗarin gobarar bututun hayaƙi duk suna waje, ba su shiga ɗaki.

Amma kada a yaudare ka da cewa ɗumin kyauta ne. Kuɗin da ba ka biya dillalin gas ba, da ƙarfinka kake biya. Ni dai na ɗauke ta kamar kiwon dabba: safe da yamma sai ka fita ka ba ta abinci, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Sabuwa mai kyau kuma ta haura dala dubu goma tun kafin a yi maganar bututu da haƙa da daɓen siminti. Idan sayen faskare za ka riƙa yi a farashin kasuwa, zauna ka yi lissafi da kyau, domin mai yiwuwa ba riba.

Itace nawa take ci a shekara?

A nan ana auna itace da wani ma'auni da ake kira kod: tarin faskare mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4. Daga Oktoba zuwa Afrilu, tsohuwar tukunyar da na tarar a gidan tana cinye mini kod goma sha biyu, wani lokaci fiye. Wadda nake da ita yanzu bakwai suna isar ta. Naka lissafin zai bambanta gwargwadon girman gida, da yadda bango da tagogi suke riƙe zafi, da irin itacen. Kafin ka sayi babbar tukunya, fara toshe kafofin da iska ke shiga gidanka. Tukunyar da ta fi ƙarfin gida ma matsala ce, domin yawancin yini a lafe take, tana turnuƙa hayaƙi maimakon ta ci da wuta.

An ce mini tana cin ɗanyen itace, ba sai an busar ba. Gaskiya ne?

Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da masu tukunya, kuma ni ma na faɗa cikinta. Eh, za ta ci, tunda fanka tana zuga ta da ƙarfi. Sai dai ka duba abin da ke faruwa a ciki. Bishiyar da aka sare yau, kusan rabin nauyinta ruwa ne. Gungume mai kilo 20 yana ɗauke da ruwa lita tara ko goma. Idan ka jefa shi a wuta, aikin farko da wutar za ta yi shi ne tafasa wannan ruwa ta kore shi ta bututun hayaƙi. Zafin da ya kamata ya je ɗakin yaranka ya tafi sama a matsayin tururi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Tururin yana sanyaya wutar, wuta mai sanyi kuma ba ta ƙone hayaƙinta. Hayaƙin nan sai ya daskare a jikin ƙarfe ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, ya fi kunkunniyar ɗakin girki kauri da nacin mannewa. Danƙon yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, yana toshe bututun hayaƙi, kuma yana da tsami mai cin ƙarfe.

A sanyina na farko, a watan Nuwamba aka juye mini gungumen bishiyar oak da aka sare a wannan kakar. Na yi ta murna ganin girman tarin. Kafin tsakiyar Janairu, ƙofar murhun ta fara mannewa, sai na sa ƙafa na dafe kafin ta buɗe. Baƙin ruwa mai wari yana tsiyaya ta ƙasan ƙofar yana ɓata dusar ƙanƙara. Idan na sa kunne kusa, ina jin itacen yana tsuwwa, kumfa tana fita ta bakin gungumen. Sau uku nake lodi a rana, har da na ƙarfe biyun dare, duk da haka ruwan ba ya kai zafin da na saita. Tarin da na yi zaton zai kai ni Afrilu ya ƙare a Fabrairu. Tukunyar ba ta da laifi ko kaɗan.

Tun daga nan na gane cewa wannan sana'a ta rumbu ce. Itacen da zan ƙona bana, tun shekara biyu da suka wuce na faskara shi. Wanda nake sara yanzu na baɗi waccan ne. Wanda ya tsaya sai sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofa sannan ya nemi itace, ɗanye zai samu, ko da mai sayarwa ya ce masa busasshe ne.

To yaya zan san ya bushe, kuma wane iri ya fi?

Abin da ake nema shi ne danshi ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu ta auna danshi, kuɗinta kaɗan ne. Kada ka auna a bayan itacen, domin baya yakan bushe ciki na jiƙe. Ɗauki guda ɗaya, faskara shi, ka soka allurar a sabuwar fuskar. Ko ba na'ura akwai alamu: busasshe bakinsa yana tsattsagewa, ɓawonsa yana saki, ba shi da nauyi, idan ka buga biyu kuma ka ji ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa dum yake yi.

Gungume ba ya bushewa sai an faskara shi. Ka jera faskaren a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, a inda rana da iska ke samunsa, ka rufe samansa kawai da kwano. Wanda ya lulluɓe shi da tamfol har ƙasa ya kulle danshin a ciki, sai ya tarar da fumfuna.

Oak shi ne ƙiryar wannan ƙasa: nauyi, garwashi mai daɗewa, amma sai ya yi shekara biyu kafin ya bushe. Mapul mai tauri yana biye da shi. Aspen kuwa kamar rimi yake, ba nauyi, nan da nan ya cinye, don haka nake ajiye shi don Oktoba da Afrilu lokacin da sanyi bai yi tsanani ba. Bishiyar ash tana saurin bushewa kuma yanzu ta yi yawa a kasuwa saboda wani koren ƙwaro da yake kashe ta. An fara ganinsa kusa da birnin Detroit a 2002, ya iso St. Paul, babban birnin Minnesota, a 2009. A cikin itacen wuta yake yin tafiya mai nisa, shi ya sa hukuma ta hana fitar da itace daga yankunan da aka killace. Sayi na kusa da kai.

Mene ne bambancin tsohuwar ƙira da sabuwa?

Tsohuwar akwati ce kawai: wuta a ƙasa, hayaƙi ya tashi ya fita. Bangon murhun kuma ruwa ne ke bayansa, don haka kullum yana sanyaya harshen wutar. Sabuwar tana ƙona hayaƙinta. Fanka tana tura iskar da itacen ke fitarwa zuwa ƙasa, ta ratsa garwashi, ta bi wata 'yar kafa ta shiga ɗaki na biyu da aka gina da tubalin da ke jure wuta. A can take kamawa da zafin da ya kai kimanin digiri 1,000, tana ruri kamar murhun gas. Idan tana aiki daidai, ka ɗaga kai ka kalli bututun hayaƙi, sai ka ga iska ce kawai take rawa a bakinsa.

Doka ce ta kawo wannan canji. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa ƙa'ida daga 15 ga Mayu 2015, ta ƙara tsaurara ta daga 15 ga Mayu 2020, inda adadin ƙurar hayaƙin da aka yarda sabuwar tukunya ta fitar ya ragu zuwa ƙasa da rabin na farko. Ƙa'idar ta shafi ƙerawa da sayar da sababbi ne, ba ta tilasta wa mai tsohuwa ya cire tasa ba. Sai dai sabuwar ba ta da haƙurin tsohuwar. Ka ba ta ɗanyen itace, wutar ɗaki na biyun ta ƙi kamawa, ka kashe kuɗin sabuwa kana samun aikin tsohuwa.

Maƙwabta fa?

Wannan ya fi komai damuna. Bututun hayaƙin tukunyar waje gajere ne, kusan a tsayin tagar ɗakin kwana. A daren da ba iska, hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa yana rarrafe zuwa gidan da ke gangare. Ƙurarsa ƙanana ce ƙwarai, tana ratsa kafar taga ta shige can cikin huhu, ta fi cutar da yara da tsofaffi da masu asma da ciwon zuciya.

A wancan sanyin na ɗanyen itace, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta zo da yamma ta tsaya a bakin ƙofa, cikin ladabi ta ce jikanta ya kwana yana tari, labulenta kuma duk warin hayaƙi. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kwana da nauyin maganar. Iyalina suna barci cikin ɗumi, yaron wani yana biyan kuɗin da ƙirjinsa. Washegari na sayo ƙarin bututu na ɗaga tsayinsa, na nemo busasshen faskare da tsada na ƙarasa sanyin, shekara biyu bayan haka kuma na sauya tukunyar. Haƙƙin maƙwabtaka da aka rene mu a kansa bai tsaya a bakin iyakar ƙasarmu ba.

Kafin ka kafa, je ofishin ƙaramar hukumarka. Wasu garuruwa sun hana ta ɗungurungum, wasu sun ƙayyade nisa. A jihar New York, sabuwar tukunyar gida sai ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar filin maƙwabci, bututun hayaƙinta kuma ya kai ƙafa 18. Ka lura da inda iska ta fi kaɗawa a lokacin sanyi, ka sanar da kamfanin inshorarka, ka kuma shiga gidan maƙwabcinka ka yi masa bayani tun kafin motar kaya ta iso.

Zan iya ƙona shara a ciki?

A'a. Leda, taya, katako mai fenti ko mai magani, katakon layin dogo, baƙin mai, duk guba suke fitarwa, suna cin ƙarfen, kuma doka ta hana.

Bututun ƙarƙashin ƙasa duk ɗaya ne, ko ba haka ba?

A nan ne araha ba ta ado. Akwai mai arha, wanda aka naɗe bututun roba biyu da 'yan zanen tsare zafi aka zura a cikin wani babban bututu. Da zarar ruwan ƙasa ya sami kafa ya shiga, shi ke nan, gonarka kake ɗumamawa. Alamarsa ba ta ɓuya: ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara, amma ka ga layi ɗaya ya narke daga tukunya har gida, wani lokaci har ciyawa ta yi kore a kai a tsakiyar Janairu. Haka na tarar a gidana. Mai kyau shi ne wanda aka cika da kumfa mai tauri wadda ruwa ba ya ratsawa, da kauri a bayansa. Yana da tsada, amma sau ɗaya za ka haƙa rami.

Gwajin mai sauƙi ne. Auna zafin ruwan inda ya fita daga tukunya, ka auna inda ya shiga gida. Digiri ɗaya ko biyu ba komai. Idan ka ga biyar ko fiye, itacenka yana zuba a ƙasa.

Ruwan ciki yana bukatar kulawa?

Sosai ma. Yawancin tukwanen Amurka a buɗe suke ta sama, iska tana haɗuwa da ruwa, ga zafi ga ƙarfe, sai tsatsa. Ana zuba maganin hana tsatsa, ana kuma gwada ruwan aƙalla sau ɗaya a shekara. Kamfanoni da yawa sun sa sharaɗi a garantinsu cewa sai ka riƙa aika musu samfurin ruwa, don haka ka adana takardun sakamakon. Duba ma'aunin ruwa duk lokacin da ka je lodi. Idan yana yawan raguwa, ko dai yana tafasa ko akwai yoyo, kuma kowane sabon ruwa da ka ƙara yana tsinka maganin. Kada ka bar zafin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 60 alhali wuta na ci, domin daga nan bangon murhu yake fara gumi ta ciki.

Mene ne aikin kullum da na mako?

Idan na je lodi, nakan buɗe ƙofar kaɗan, in ja da baya, in ƙirga zuwa ashirin kafin in buɗe duka. Hayaƙin da ya taru a wutar da ta lafa, da ya sami iska yakan kama fuu ya yo waje, ya ƙone gira da gemu. Sai in jawo garwashi gaba da ƙarfe, in jera itacen da zai kai awa goma sha biyu kawai. Cika ta maƙil a ranar da ba sanyi sosai danƙo kawai yake haifarwa.

Toka nake kwashewa duk mako, musamman ta lungunan murhu, domin jiƙaƙƙiyar toka tana huda ƙarfe. A bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, a ajiye a fili nesa da gini. Garwashi yana iya yin kwanaki a raye cikin toka, kuma yana fitar da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari, saboda haka ba a shigar da bokitin gareji ko ɗaki. Sabuwar ƙira tana da ƙananan hanyoyin hayaƙi da ake gogewa da buroshi. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa kuma, idan ta taurare iska za ta riƙa satar shiga, wuta ta ƙi lafawa har ruwa ya tafasa. Nakan sauya tawa da zarar na ga hayaƙi yana tsartuwa ta gefe.

Idan aka ɗauke wuta, ko zan yi tafiya gida na wata guda?

Ba lantarki, ba fanka, ba injin tura ruwa. Wutar za ta lafa da kanta, amma gida zai fara hucewa. Ƙaramin janareta ya isa ya riƙe su, sai dai a waje ake kunna shi, nesa da taga. Ka kuma ajiye injin tura ruwa na biyu a kan kanta, domin a daren da ya fi sanyi yakan mutu, lokacin da shaguna ke rufe.

Tafiya kuwa, babban abin tsoro shi ne ruwan ya daskare ya fasa tanki da bututu. Shekarar da muka je gida a watan Disamba, na bar na'urar gas ta cikin gida a kunne, na bar injin tura ruwa yana juyawa. Ɗumin gidan yana bin ruwan ya koma tukunya, ya hana ta daskarewa. Na kuma ba wani maƙwabci makulli yana leƙawa duk bayan kwana biyu. Wasu suna zuba maganin hana daskarewa, amma sai irin wanda aka yi don ɗumama gida, na mota guba ne. Yana da tsada a tanki mai girma haka, yana kuma rage ɗaukar zafi.

Za ta yi amfani a Jos ko Mambila?

Ban ga dalili ba. An yi ta ne don ƙasar da ruwa ke daskarewa wata biyar a jere. Hunturunmu na 'yan makonni ne, bargo da taga mai rufuwa da kyau da na'urar ɗumama ruwa da rana sun wadatar. Kuma ƙasar da hamada ke cin dajinta ba ta da itacen da za a zuba wa irin wannan baki.

Idan sanyi ya wuce, me ake yi mata?

A ƙarshen Afrilu nakan bar wutar ta mutu da kanta. In kwashe toka ƙaf, in kankare danƙon bango da na ƙofa, in goge bututun hayaƙi in kifa masa murfi don kada ruwan sama ya shiga. Ruwan tankin ba na zubar da shi: cika shi nake yi, in gwada maganinsa, domin tanki wofi ya fi saurin tsatsa. Nakan shafa ɗan mai a jikin ƙarfen murhun, in toshe kafofin da ɓera zai bi ya ci waya. Sau ɗaya a wata ina kunna injin tura ruwa na 'yan mintoci don kada ya ƙage. Daga nan sai in wasa sarƙar zarton inji, domin kafin sauro ya fito a watan Yuni nake so in gama faskaren da za a ƙona nan da shekara biyu.